Ƙwas-ƙwas a Ƙasan Mota: A Duba Linkeji Kafin A Taɓa Aljihu

  

Sharhinmu na yau a kan wani ɗan siririn ƙarfe ne da ke ɓoye a bayan tayar gaba, wanda a yawancin motoci tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Shi ne linkeji, mai haɗa sandar sitabilaiza da ƙafar mota. Yana cikin kayan ƙafa mafi araha, yana kuma cikin waɗanda suka fi saurin mutuwa a hanyoyinmu. Idan ya fara lalacewa ba ya ɓoyewa. Da zarar taya ta taka gargada, ko ta faɗa ɗan rami, sai ka ji ƙwas-ƙwas daga ƙasa, wajen ƙafarka ko wajen ƙafar wanda ke zaune kusa da kai.

To, daga nan ne ake rabuwa. Wani ya ƙara muryar rediyo ya ci gaba da tafiya wata da watanni. Wani ya garzaya gareji, tun bai gama kashe mota ba a ce masa, "Alhaji, shokozoba ce ta tafi," ya biya kuɗi mai yawa, ya fito, a ramin farko ƙarar nan ta dawo. Wani kuma a ce masa, "Yallaɓai, wannan ƙarfen ba shi da wani amfani, a cire a huta." Duka ukun an yi asara, kuma asarar daga wuri ɗaya ta taso: ba a tsaya an gano abin da ke ƙara ba kafin a yanke hukunci. Abin da nake so mu ɗauka yau ke nan. Kunne ya fara aiki, hannu ya bi baya, sannan a zo maganar kuɗi.

Mu fara da sanin aikin abin. Idan ka leƙa ƙasan mota ta gaba za ka ga wata sandar ƙarfe ta ratsa daga hagu zuwa dama, bakinta biyu sun lanƙwasa. Ita ce sitabilaiza. An ɗaure tsakiyarta a jikin shasi da bushin roba guda biyu, ta yadda za ta iya juyawa a cikinsu. Kowane baki nata kuma linkeji ne ya riƙe shi, ya haɗa shi da jikin shokozoba, ko da hannun ƙasa da ake kira lowa-am, gwargwadon ƙirar motar. Idan tayoyin gaba biyu suka hau tudu tare, sandar juyawa kawai take yi cikin bushinta, ba ta hana komai. Amma idan ka sha kwana, nauyin mota ya kwanta gefe ɗaya, taya ɗaya ta shige sama ɗayar ta sauko, sai sandar ta murɗe, kamar yadda mai wanki ke murɗa zane, hannu ɗaya gaba ɗaya baya. Da yake ƙarfen sifirin ce, ba ta yarda da murɗewar, tana ƙoƙarin komawa yadda take. Wannan turjiyar ita ke hana mota kwanciya sosai a kwana. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun shekarar 1919 wani mutumin Kanada mai suna Stephen Coleman ya yi rajistar ƙirƙirarta, kuma yau da wuya ka sami ƙaramar mota da ba ta da ita a gaba.

Duk ƙarfin da sandar nan za ta yi, ta cikin linkeji yake bi. Shi kuma iri biyu ne. Akwai na tsohuwar ƙira, wanda dogon bol ne da aka jera masa robobi da wosha, ana samunsa a tsofaffin motoci da wasu a-kori-kura. Akwai kuma wanda ya fi yawa yanzu, irin na Corolla da Camry: sanda ce mai kai biyu, a kowane kai akwai ƙwallon ƙarfe zaune cikin mazaunin leda mai tauri, an cika shi da giris, an rufe da 'yar hular roba. Rayuwar linkeji gaba ɗaya tana hannun wannan hula. Muddin tana nan lafiya, giris na ciki, ƙasa na waje. Ranar da ta tsage, an fara ƙirga kwanaki.

Ku duba kuwa abin da robar nan ke sha a wajenmu. Zafin bazara ya busar da ita har ta yi tsaga. Hunturu ya zo da ƙura mai laushi da ke shiga kowace kafa, ta gauraya da giris ta riƙa cin mazaunin ƙwallon a hankali. Damina ta zo da ruwa da taɓo su wanke sauran giris ɗin, tsatsa ta kama. Sai a kai mota wajen wanki, yaro ya saita bakin injin feshi daidai kan robar yana ganin gyara yake yi. Ga ramuka, ga tudun rage gudu da kowace unguwa ke ginawa yadda ta ga dama, ga hanyar burji mai gargada da ke girgiza ƙafar mota ba hutawa tun daga wannan ƙauye har zuwa wancan. Don haka idan linkejin motarka ya mutu, ba wani abin mamaki ya faru ba, kuma ba lallai laifin tuƙinka ba ne.

Yanzu ga abin da na fi so a saurara da kyau, wato yadda za ka gane shi da kunnenka tun kafin ka je wurin kowa. Sami lokacin da hanya ba cunkoso, kashe rediyo, kashe iska, sauke gilashi, ka kwashe duk tarkacen da ke cikin but da aljihun ƙofa, domin sifana ɗaya da ke yawo a but ta isa ta ruɗa ka. Ka bi layin unguwa mai ƙananan ramuka a hankali, a giya ta ɗaya ko ta biyu. Ƙarar linkeji ba ta da nauyi. Ƙwas-ƙwas ce mai sauri, ƙarfe na taɓa ƙarfe, kuma ta fi fitowa a ƙaramin gudu a kan ƙananan ramuka da ke bin juna. Da ka hau kwalta mai santsi sai ta yi tsit, ko da gudu nawa kake yi.

Sannan ka yi wannan gwajin. Nemi tudun rage gudu, ka hau shi kai tsaye, tayoyin gaba biyu su taka lokaci ɗaya. Ka juyo ka sake hawansa a karkace, taya ɗaya ta riga ɗaya. Idan a hawan farko ƙarar kaɗan ce ko babu, a na biyu kuma ta fito sarai, to zargi ya koma kan sitabilaiza da linkejinta, saboda sai tayoyin sun saɓa ne sandar ke murɗewa ta ja linkeji. Shi ya sa mutane da yawa suka fi jin ƙarar lokacin da suke shiga get ɗin gida a karkace, ko suke hawa kwalbati daga gefe. Hajiya, idan kullum sai kin zo shiga gida kike jin ƙwas ɗin nan, ki faɗa wa makanike haka ɗin daidai, kin rage masa rabin aiki.

Amma ƙasan mota ba linkeji kaɗai ke ƙara ba, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure. Idan ƙarar kat-kat-kat ce a jere, tana zuwa lokacin da ka karya sitiyari sosai kana ba da wuta, wannan shaf ne. Idan gurnani ne da ke ƙaruwa da gudu ko a kan titi mai kyau, a duba boris. Idan mota na tsaye kana juya sitiyari kana jin gwaf daga sama, wajen da shokozoba ta kama jikin mota, matsalar tana can saman. Idan ka ɗan ɗora ƙafa a birki kana bin gargada sai ƙarar ta ɗauke, to kayan birki ne suka yi sako-sako. Bushin sandar sitabilaiza shi ma yana mutuwa, sai dai tasa ƙarar ta fi nauyi, dim-dim ce, wani lokaci da ɗan ƙugi na busasshiyar roba. Ita kuwa shokozoba da ake yawan ɗora wa laifi, tana da nata alamun: za ka ga mai ya jiƙa jikinta, mota kuma ta riƙa lilo bayan an wuce tudu maimakon ta zauna nan take. Shokozobar da take a bushe, mota ba ta lilo, ba a canza ta don an ji ƙwas-ƙwas kawai.

Kunne zargi yake kawowa, hannu ne ke tabbatarwa. A nan kuma akwai wani tarko da ya kama makanikai da yawa, har da ƙwararru, kuma ina roƙon yaran gareji su buɗe kunne. Al'adarmu ita ce a sa jak a ɗaga gefe ɗaya, a cire taya, a kama linkeji a girgiza. Sai a ji shi ƙam, a ce lafiyarsa lau. Alhali ba lafiya ba ce. Da ka ɗaga gefe ɗaya ka bar ɗayan a ƙasa, ka murɗe sandar ke nan, ita kuma ta ja linkejin ta ɗaure shi tamau, duk wani motsi da ke cikinsa ya ɓuya. Mataccen linkeji ma ƙam za ka ji shi a wannan hali. Daga nan sai a wanke shi daga zargi, a koma kan shokozoba, mai mota ya biya kuɗin abin da bai lalace ba.

Hanyar da ta dace ita ce tayoyin gaba biyu su kasance daidai da juna. Ko dai mota ta hau ramin gareji tana tsaye a kan ƙafafunta, ko a ɗaga gaban gaba ɗaya, hagu da dama. A wannan lokacin ne sandar ke sakewa. Sai ka kama linkejin ka ja shi sama da ƙasa, ka kuma sa dogon ƙarfe ka ɗan tura bakin sandar. Linkeji mai lafiya zai iya juyawa kaɗan a kan ƙwallonsa, wannan ba laifi ba ne, haka aka yi shi. Abin da ba a so shi ne ka ji kan yana motsi sama da ƙasa, yana bugawa. Idan mota na kan rami, a sa mutum biyu su riƙa jijjiga ta gefe da gefe, kai kuma ka dafa kan linkejin da tafin hannu, kana kula kada yatsunka su shiga tsakanin ƙarafa. Bugun da kunne bai ji ba, hannu zai ji shi. Ka haska fitila ka dubi hular robar: ta tsage? Giris ya fito ya kama ƙura? Akwai jan garin tsatsa a bakin? Ka kuma taɓa notin. Sau da yawa linkejin lafiyarsa ƙalau, noti ne kawai ya kwance, kuma ƙarar iri ɗaya ce. Idan aka bar shi haka, yana buga ramin da ya shiga har ya faɗaɗa shi.

Idan har yanzu ana shakka, akwai gwajin da ke raba gardama. A kwance linkeji biyun, a ɗaure bakin sandar da waya yadda ba za ta taɓa taya ko shaf ko tiyon birki ba, a zaga layin nan mai ramuka sannu a hankali. Idan ƙarar ta ɓace, an san tana tsakanin linkeji da bushin sandar. Idan tana nan, a ci gaba da nema, kuma mai mota bai kashe ko sisi a kan kayan da ba su ne ba. Gwaji ne na 'yan mintuna a cikin unguwa, ba a hawa babban titi da mota a haka.

Tunda an riga an ɗaga mota, kada a sauke ta sai an duba manyan. A kama taya hagu da dama a girgiza, don a ji tayarod. A kama ta sama da ƙasa a girgiza, don a ji boljoyin da boris. Ina nanata wannan ne saboda wani dalili. Gaskiyar magana, linkejin da ya fara ƙara ba ya cire taya, ba ya kuma raba ka da sitiyari. Duk wanda ya ce maka motar ba za ta kai ka gida ba saboda shi, tsoratar da kai yake yi. Haɗarinsa na farko shi ne yana saba wa kunne da ƙara. Direban da ya yi wata shida yana jin ƙwas-ƙwas ya daina jin ta, ranar da boljoyin ya fara tasa ƙarar, a cikin waccan za ta ɓace. Boljoyin kuwa idan ya fita, taya kwanciya take yi a tsakiyar titi, kuma kowa ya taɓa ganin irin motar nan a gefen hanya, ƙafa ɗaya ta turu ciki. Motar da ƙasanta shiru ne, ita ce ke iya gaya maka lokacin da sabon abu ya taso.

Haɗari na biyu yana zuwa ne idan linkejin ya ƙarasa ya tsinke. Guntun da ya rage yana reto, yana iya yaga robar shaf, ya taɓa wayar ABS, ko ya gogi tiyon birki ko gefen taya. Sandar kuma ta daina aiki gaba ɗaya, domin baki ɗaya kawai ya rage a ɗaure, ba abin da za ta murɗe a kansa.

Wannan ya kawo mu ga masu cewa a cire a huta. Na san hujjarsu: an cire, an yi shekara ana tafiya, ba abin da ya faru. Haka ne, a tafiyar cikin gari a hankali ba za ka ga bambanci sosai ba, sai dai ka ji mota ta ɗan ƙara kwanciya a shataletale. Amma ba don wannan tafiyar aka sa sandar ba. An sa ta ne don daƙiƙar nan da kake kan babbar hanya da gudu, akuya ta faɗo, ko mai babur ya gitta, ko ka hango rami a makare, ka fizgi sitiyari hagu ka maido dama. A lokacin ne motar da ba ta da sitabilaiza a gaba za ta kwanta fiye da yadda ka saba, ta yi jinkirin miƙewa, bayanta kuma ya nemi zamewa. Abin ya fi muni ga dogayen motoci, jif da bas da Sharon ɗin haya da aka cika da fasinja aka kuma ɗaure buhuna a baya. A Ingila, gwajin shekara-shekara da ake kira MOT, wanda ake fara yi wa mota idan ta cika shekara 3, yana duba sandar nan da linkejinta, kuma idan sun lalace sosai mota ba ta wucewa. Ni a ganina, makaniken da ya cire wa motar haya sitabilaiza ya jefar, ya ɗauki alhakin mutanen da ba su san an yi ba.

Haka nan ban yarda da dabarun farfaɗo da matacce ba. A sa guduma a daddaki kan don ya matse, ko a cusa guntun roba, ko a yanke wani linkeji a kai wa mai walda ya ƙara masa tsawo. Mazaunin ƙwallon leda ne, zafin walda na narkar da shi ya ƙone giris. Wanda aka daddaka kuma kwana kaɗan zai yi shiru ya dawo. Akwai wuraren da dabarar makanikanmu abin yabo ce, sun tayar da motocin da a wata ƙasa da tuni an jefar. Wannan ba ya cikinsu, domin kuɗin sabo bai kai wahalar ba.

Idan an zo saye, ko a Ƙofar Ruwa ne a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka tafi da tsohon a hannunka. A jera su, tsawo ya zo ɗaya, kawunan su fuskanci inda na tsohon suka fuskanta, kaurin bol ɗin ya daidaita. A wasu motocin na hagu daban ne da na dama, ka tambaya. Linkejin da ya fi tsawo ko ya gaza yana canza zaman sandar, har ta iya taɓa wani abu idan ƙafa ta yi sama ko ƙasa sosai. Ka kama bol ɗin kan ka motsa shi da yatsa: sabo mai kyau yana da tauri, sai ka sa ƙarfi. Wanda ke lilo da kansa, ko an goge shi yana ƙyalli, ya gama aiki. Ka matsa hular robar ka ga ko tana da laushi ko ta bushe. Mutanenmu sun yarda da kayan Baljiyam, wato na hannu, kuma a wasu kayan suna da gaskiya, amma a linkeji ina ba da shawarar sabo na kamfanin kirki, saboda abin da ke mutuwa a cikinsa roba ce da leda, su kuwa shekaru na cin su ko mota na ajiye. Mafi arahar da ke kasuwa ma a yi hattara da shi, araha ba ta ado. Kuma a sayi biyu. Tare suka sha ramukan nan, idan ɗaya ya tafi ɗayan na kan hanya.

Aikin canzawa ba shi da wuya, idan noti bai ci tsatsa ba bai kamata ya wuce awa ɗaya ba. Amma kafin a taɓa sifana, a tsare rai. A tsayar da mota a wuri mai tauri wanda ba gangare, a ja hambirki, a sa waigi a tayoyin baya. A sassauta notin taya tun tana ƙasa, a ɗaga gaba duka biyu, a ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Bulon siminti kuma yana fashewa ba tare da gargaɗi ba. Iyayen gida a gareji, yaran nan amana ce iyayensu suka kawo muku, kada a tura yaro ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Bayan an cire taya, a goge bakin bol ɗin da buroshin waya, a fesa man sassauta tsatsa, a ba shi ɗan lokaci. Motocin da aka shigo da su daga Kanada da arewacin Amurka sun fi ba da wahala a nan, saboda gishirin da ake zubawa a titunansu lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfen ƙasan mota. Abin da ya fi ɓata wa mai aiki rai shi ne ka juya noti, bol ɗin ya riƙa juyawa tare da shi, tunda ƙwallo ne a ɗaya bakin. Masu ƙira sun san da haka. A ƙarshen bol ɗin akwai ɗan rami na alanki, a motocin Toyota da yawa mai milimita 6 ne, wasu kuma an yi musu wurin kamawa da siririyar sifana a bayan. Ka kakkaɓe ƙasar da ke cikin ramin, alankin ya shige har ƙarshe, ka riƙe shi ƙam, ka juya notin da sifana. Alanki riƙewa kawai yake yi. Idan ka ce da shi za ka kwance, ramin zai cinye, ka ƙara wa kanka aiki. Idan ya ƙi duk da haka, tunda tsohon jefarwa za a yi, a yanke shi da zarto ko injin yankan ƙarfe, ana kare robar shaf da tiyon birki daga tartsatsi. Wuta kuwa a nisanta ta da wurin, shokozoba na da mai, da yawansu da iskar gas a matse a ciki.

Wajen sa sabo, idan ramin bai zo daidai da bol ba, kada a sa guduma. A sa jak a ƙarƙashin lowa-am a ɗaga kaɗan-kaɗan, ko a danna bakin sandar da dogon ƙarfe, har bol ɗin ya shige da kansa. A yi amfani da sabon notin da ya zo da shi, domin irin mai kulle kansa ne, tsohon ya saki. A fara ɗaura shi da hannu. A nan ne kuma ake kashe sabon linkeji tun ranar da aka sa shi: a kama hular robar da filaya don bol ya daina juyawa, ta huje, ko a sa injin ɗaure noti ya riƙa wulwula ƙwallon cikin mazauninsa da gudu. Bayan wata biyu ƙara ta dawo, a ce kayan ne jabu, alhali hannu ne ya ɓata shi. Yadda aka riƙe da alanki wajen kwancewa, haka za a riƙe wajen ɗaurewa. Kowace mota da ƙarfin da kamfani ya ƙayyade wa notin. A Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, misali, awon 74 ne a ma'aunin Newton-mita, kuma garejin da ke da sifana mai awon ƙarfi ya fi wanda ke aiki da ƙiyasi. Irin mai robobi da wosha kuwa, a jera su yadda aka tarar da na da, a ƙarasa ɗaurewa bayan mota ta zauna a kan tayoyinta, kuma a tsaya da zarar robar ta ɗan kumbura. Idan aka matse ta har ta baje, an tsaga ta.

A mayar da taya, a sauke mota, a ƙarasa ɗaure notin taya, sannan a koma layin nan da aka fara jin ƙarar, mai mota da makanike tare, a hau tudun a karkace. Wannan ne shaidar aiki. Canza linkeji kaɗai ba ya taɓa saitin taya, don haka ba ya bukatar alaimen, sai fa idan an kwance tayarod ko manyan bol ɗin shokozoba a cikin aikin. Idan kuma tayarka na cinyewa gefe ɗaya, ba linkeji ne ya jawo ba, a nemi dalilin a wani wuri. Bayan mako guda a leƙa a sake taɓa notin.

'Yan'uwana makanikai, na san matsin da kuke ciki. Mai mota na sauri, yana son amsa tun bai fito daga mota ba, wani ma idan ka ce masa ƙaramin abu ne sai ya ga kamar ba ka iya aiki ba. Duk da haka minti goma na dubawa ba ya rage wa kowa daraja. Mutumin da ya zo da shirin sayen shokozoba biyu, ka nuna masa linkeji ne, ka kama hannunsa ka ɗora a kai ya ji bugun da kansa, wannan ya zama naka, kuma shi zai kawo maka 'yan'uwansa da abokan aikinsa. Ku koya wa yaranku ɗaga gaba biyu kafin su ce linkeji lafiya.

Ku kuma masu motoci, maza da mata, ba rashin kunya ba ne ka ce, "Oga, don Allah nuna mini inda yake motsi kafin mu saya." Makaniken kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Ku karɓi tsohon da aka cire ku gani da idonku. Shugabannin tasha da masu motocin haya, ku leƙa ƙasan motocin da ke lodi a layinku, duk wadda aka cire wa sitabilaiza ko linkejinta ke reto, a gyara ta kafin ta ɗauki fasinja. Wanda kuma yake jin ƙwas-ƙwas ɗin nan a motarsa yau, kada ya bari mako ya ƙare bai kai an duba ba.

Allah ya kiyaye mu a hanya, ya sa wa sana'a albarka.